Kafin Launi Ya Hau Zane: Aikin da Mai Karatu Ba Ya Gani

Idan mai zanen kwamik ya gama shafi, ya bi fensir da tawada, ya goge, ya kaɗe, abu biyu yake gani a kan takardarsa: baƙi da fari. Na'urar sikana ba ta ganin haka. Ita auna hasken kowane ɗigo take yi, ta ba shi lamba tsakanin 0, baƙi ƙirin, da 255, fari fat, kuma da ƙyar ake samun ɗigo a takardar gaske da ya kai ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki. Farin takarda sai ya fito da dishi-dishin toka. Tawadar da aka shafa da burushi ta yi kauri nan, ta yi ruwa can. Sawun fensirin da aka goge yana nan kwance, ga ɓurɓushin magogi, ga ƙurar da ta sauka a gilashi. Kowane layi kuma yana da gefe mai toka-toka, inda baƙi ke narkewa cikin fari.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan hoto a Photoshop ko ibisPaint, ya ɗauki bokitin fenti ya zuba ja a rigar jarumi, ya san abin da ke biyo baya. Ko dai jan ya tsaya nesa kaɗan da layi, ya bar wani siririn fari yana kewaye da rigar, ko kuwa ya sami 'yar kafa ya tsere, ya rine fuska da bango da sararin sama gaba ɗaya. Masu koyo kan ɗora laifin a kan manhaja, ko su ce hannunsu ne bai faɗa ba. Alhali matsalar ta riga launi zuwa. Tsakanin ajiye alƙalami da zuba launin farko akwai wani aiki mai zaman kansa, har akwai mutanen da shi kaɗai ne abincinsu, kuma manufarsa ɗaya ce: a ɓamɓare layi daga jikin takarda ya tsaya shi kaɗai, ba tare da ya rasa alamar hannun da ya ja shi ba.

Gadon maɗaba'a

Raba layi da launi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Injin buga littafi mai launi da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi, kowace da farantinta, takarda na bi ta ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. Layin zane a farantin baƙi yake zama. Saboda haka tun asali mai sa launi ba ya taɓa ainihin shafin mai zane.

A Amurka, shekara da shekaru, kwafin shafin ake miƙa masa, ya shafa rini na ruwa, sannan ya bi kowane gurbi ya rubuta lamba. Kowace tawada cikin ukun da ba baƙi ba matakai uku gare ta: kusan rubu'i, rabi, da cikakkiya. In aka haɗa da rashin sa ta sam, huɗu sau huɗu sau huɗu ke nan, launi 64, kuma da su aka yi Superman da Spider-Man na zamanin da. Daga nan kwafin ya tafi kamfanin raba launi, irin su Chemical Color Plate da ke jihar Konetikat, inda ma'aikata, galibinsu mata, ke zaune da fallayen roba guda tara na kowane shafi, suna cike gurabe da hannu bisa lambobin. Injinan ma ba su da tabbas. Hulk da launin toka ya fara fitowa a 1962. Da maɗaba'a ta kasa riƙe tokar iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, sai aka mai da shi kore tun daga fitowa ta biyu.

A Beljiyam da Faransa wata hanya aka bi, wadda ta fi ba mai launi sarari. Maɗaba'a ce ke buga zanen da shuɗi ko toka mai haske ƙwarai a kan takardar fenti mai kauri, ta kuma buga baƙin layin daban a kan fallen roba da ake gani ta cikinsa. Mai launi ya yi fentinsa a takardar, lokaci-lokaci ya kifa robar a kai ya ga yadda abin zai fito. Haka ake yi wa littattafan Tintin a ɗakin aikin da mai zana su, Hergé, ya kafa a Burasels a 1950. Wanda ya san yadda ake yi a yau zai gane tsarin nan take: layi a sama, launi a ƙasa, kowa da fallensa. Photoshop ya fito a 1990, amma bai sami fallaye masu hawa kan juna ba sai a 1994.

Kafin nan ma kwamfuta ta riga ta sa kai. A 1988 reshen Marvel mai suna Epic ya fara fitar da Akira na Katsuhiro Otomo da Turanci. Asalin littafin a Japan baƙi da fari ne. Steve Oliff da kamfaninsa Olyoptics a Kalifoniya suka sa masa launi ta kwamfuta, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farkon da aka yi wa haka fitowa bayan fitowa. Bayan kafa kamfanin Image a 1992 abin ya zama yayi, cikin 'yan shekaru fallayen roba suka kau. Farantin baƙi ne bai sauya hali ba: har gobe layi tsantsa yake so.

Daga teburin zane

Rabin aikin a kan tebur ake gama shi, tun ba a kunna kwamfuta ba. Ƙwararru ba sa zane daidai da girman littafi. A Amurka takarda mai kauri ta inci 11 da 17 ake amfani da ita, a rage zanen zuwa kusan kashi biyu cikin uku wajen bugawa. Masu manga a Japan B4 suke saya. Ragewa tana rufa wa hannu asiri, don 'yar rawar da layi ya yi sai ta ɓace. Sai dai ba kyauta take yi ba: siririn layi ya ƙara sirancewa har ya tsinke, layukan inuwa da aka jera kusa da juna kuma su manne su zama dunƙulen baƙi.

Shuɗin fensir shi ma daga maɗaba'a aka gaje shi. Fim ɗin da ake ɗaukar zane da shi a da yana karanta shuɗi mai haske tamkar farar takarda, don haka ba sai an goge ba. Dabarar tana ci har yau. In aka yi sikanin mai launi, kwamfuta tana ajiye hoton gida uku, ja da kore da shuɗi. A gidan shuɗi fensirin ya kusa ɓacewa, tawada kuwa tana nan daram. A ɗauki wannan gida a watsar da sauran. Amfanin ya wuce hutar da hannu, domin magogi ba fensir kaɗai yake ci ba, yana kankare tawada ma ya bar ta a koɗe.

Biro, wanda da shi yawancin yaranmu suka koyi zane a bayan littafin makaranta, shi ne mafi wuyar sha'ani. Tawadarsa mai maiƙo ce, tana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar sikana, baƙinta ya karkata zuwa shuɗi ko shunayya, tana kuma tsallake in an sassauta hannu. Ana ceto zanen biro, amma da gumi. Alƙaluman zane irin su Pigma Micron, ko burushi da tawadar kwalba mai baƙin gawayi, su ne ke fita tas.

Sai maganar kafa. Bokitin fenti kamar ban ruwa ne a lambu: in bakin fangali ya fashe ko da faɗin yatsa ne, ruwa ba zai tsaya ba sai ya cika na maƙwabta. Kafar ɗigo ɗaya ta isa. Wannan ya sa ake yi wa masu koyo huɗubar su rufe kowane layi, kuma ni ban yarda da huɗubar duka ba. Zanen Hergé rufaffe ne, salonsa ke nan. Wasu kuwa da gangan suke barin layin kunci ko na gashi a buɗe don ido ya ƙarasa, kuma a nan ran zanensu yake. Wanda ya rufe waɗannan don bokiti ya ji daɗi ya yi wa kansa asara. Akwai inda ake toshe kafa ba tare da an taɓa tawada ba. Za mu zo wurin.

Akwai kuma abin da ya shafi duk mai zana baƙar fata, daga masu aiki da Comic Republic a Legas zuwa yaron da ke zana Sarauniya Amina a Zariya. Siraran layukan inuwa da ke fita raɗau a kan farar takarda nutsewa suke yi in aka shimfiɗa musu launin fata mai duhu. Hanci da leɓe da ƙasan ido, in da ƙananan layuka aka gina su, sai fuskar ta cushe. Tun a tawada ake yanke shawara: layuka kaɗan masu ƙarfi a fuska, a bar wa mai launi ya fito da sauran da haske.

A kan gilashin sikana

A goge gilashi tukuna, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke sauka ko an rufe taga. A kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta, na ƙara kaifi da na daidaita haske, domin don hotunan mutane aka yi su. In takardar siririya ce kuma akwai zane a bayanta, a ɗora baƙin kwali a kai kafin a rufe murfi.

Yawan ɗigo a kowane inci shi ne lambar da aka fi gardama a kai. Hoto mai launi 300 ya ishe shi a bugawa. Layi ya fi haka buƙata, 600 zuwa 1200, saboda gefensa mai kaifi ne, ido kuwa ba ya yafe tsani-tsani a jikinsa. Da girman bugawa ake lissafin: shafin da za a rage zuwa kashi biyu cikin uku, in an ɗauke shi a 400, a 600 zai sauka. Sai kuma nauyi. Takardar A3 a 600 tana ba da ɗigo kusan 7,000 a faɗi da 9,900 a tsawo, wajen miliyan 70 ke nan. Kafin a matse fayil ɗin, megabait 70 ne a toka-toka, sama da 200 in da launi ne, amma ƙasa da 9 in an mai da shi baƙi da fari zalla.

Yawancin sikanonin da ke shagunan buga takardu A4 ne, shafin kwamik kuwa ya fi su girma. Sai a ɗauke shi kashi biyu ko uku, kowane ya hau kan ɗan'uwansa da 'yan santimita, a haɗe a kwamfuta. Photoshop yana da Photomerge, akwai kuma Hugin na kyauta. Inda ake faɗuwa shi ne bakin gilashin, mai ɗan tudu: takarda ta ɗaga a wurin, layi ya dushe, inuwa ta shiga. Shi ya sa ake barin rarar da za a yanke a zubar. A adana a TIFF ko PNG. JPEG ta hanyar zubar da bayani yake rage nauyi, kuma a gefen baƙin layi ɓarnarsa ta fi fitowa, wasu 'yan tabo-tabo da ido ba ya lura da su sai bokiti ya yi tuntuɓe a kansu.

Hukuncin baƙi da fari

Nan ne gundarin aikin. Da farko a ja iyakokin haske: a gaya wa kwamfuta duk abin da ya kai hasken takarda fari ne fat, duk abin da ya kai duhun tawada baƙi ne ƙirin. Da wannan kaɗai yawancin datti ke tafiya. Mataki na biyu ya fi tsanani. A zaɓi lamba ɗaya, ɗigon da ya fi ta haske ya koma fari, wanda ya fi ta duhu ya koma baƙi, babu tsaka-tsaki. Photoshop a 128 yake ajiye ta, tsakiya ke nan, kuma da yawa sukan karɓa haka nan su wuce. Ganganci ne. In aka ɗaga lambar, layuka su yi kauri, ƙananan fararen gurabe tsakanin gashin ido su toshe, ƙurar da ta kwanta ta farfaɗo. In aka sauke ta, wutsiyar layin burushi, inda ya sirance kafin ya ƙare, ta guntule, sawun busasshen burushi ya zube. Babu lambar da ta dace da kowane mai zane, kai, ko da kowane shafi. Mai kula yakan ajiye ainihin takardar kusa da shi, ya zuƙo fuska mafi ƙanƙanta a shafin da kuma wurin da layuka suka fi cunkushewa, ya yi ta matsar da lambar har su biyun su tsira. In sun ƙi, sai a yi wa kowane yanki nasa hukuncin, ko a duhunta siraran layukan da hannu kafin a yanke.

Me ya sa za a tsananta haka, alhali gefen nan mai toka shi ke sa layi santsi a fuskar kwamfuta? Saboda injin bugawa ba shi da tawadar toka. Da ƙananan ɗige-ɗigen baƙi yake yin ta, don haka gefe mai toka sai ya fito da gashi-gashi a takarda. Layin baƙi zalla, in aka zuƙo shi sosai, tsani-tsani ne marar kyan gani, amma a ɗigo 600 ko 1200 ido ba ya kama tsanin, kaifi kawai yake gani. Wanda a intanet kaɗai zai sa aikinsa, misali a Webtoon inda faɗin shafi ɗigo 800 ne, shi ma gara ya yi aikin da girma ya rage a ƙarshe. Ragewar da kanta za ta dawo da santsin. Zanen fensir zalla ko na tawada mai ruwa daban ne. Tokar ita ce kyansa, a toka-toka ake barinsa.

Dattin da ya rage da hannu ake bi, kuma in aka juya hoton, baƙi ya koma fari, ya fi saurin bayyana. Manhajoji suna da maɓallin share ƙananan tabo, sai dai ba ya bambance ƙura da ƙwayar idon mutumin da ke can nesa a cikin taro. In da hannu aka rubuta maganganun, har ɗigon haruffa yake haɗiyewa. A rubutun ajami kuwa, inda ɗigo ke raba ba da ta da nun, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Daga nan a ɗaga layi ya hau fallensa. Hanya mafi sauri ita ce zaɓin da manhajoji suka rubuta wa Multiply, wanda ke ninka hasken fallen sama da na ƙasa: fari bai canja komai, baƙi ya rinjayi komai. Yana aiki, amma farin takardar yana nan, ɓoyewa kawai ya yi. Cire shi ɗungurungum ya fi, kuma Krita da GIMP da Clip Studio Paint duk suna da umarnin mai da fari ya zama babu. Sai da haka ne mai launi zai iya rina layin kansa, hayaƙi ya sami layi mai toka, harshen wuta mai ja, duwatsun nesa mai shuɗi.

Masu shimfiɗa

A ƙarƙashin layi ake yin shimfiɗa, kuma wannan sana'a ce da sau da yawa ba a ko rubuta sunan mai ita a littafi. Mai shimfiɗa yana bin kowane gurbi, riga, hula, fata, ganye, bango, ya cika shi da launi ɗaya shafaffe, babu inuwa babu haske. Launin ba lallai ya dace ba. Yana iya sa wa doki kore. Abin nema shi ne kowane gurbi ya bambanta da na kusa da shi, yadda mai launi zai taɓa sau ɗaya ya kama rigar duka. Yawanci da zarge ake yi, wato a kewaye gurbin da hannu, ba da bokiti ba, kuma a kashe santsin gefe, don iyaka ta zama ko wannan launi ko wancan. Launuka biyu maƙwabta a tsakiyar kaurin layi suke haɗuwa, can ƙarƙashinsa. In aka ɓoye fallen layi, bai kamata a ga fari ko na ɗigo ɗaya ba tsakaninsu. A nan ne ake toshe kafofin da mai zane ya bari: mai shimfiɗa ya ƙarasa kuncin da iyakar launi, tawada ta zauna yadda take.

Aiki ne mai cin rai, shi ya sa aka daɗe ana neman na'ura ta ɗauka. Daniel Sýkora, masani ɗan ƙasar Cek, ya fito da dabarar LazyBrush a 2009: mutum ya ɗan ja launi a cikin gurbi, kwamfuta ta nemo iyakarsa ko da layin a buɗe yake. A kanta aka gina irin wannan kayan aiki da ya zo cikin Krita 4.0 a 2018. Masu G'MIC a birnin Caen na Faransa su ma sun yi nasu tare da David Revoy, mai zana Pepper&Carrot. Suna rage wahala ƙwarai. Amma na'ura ba ta san cewa ƙyallen da ya leƙo ta hagun mashi da wanda ya leƙo ta damansa riga ɗaya ce ba, sai mutum ya bi baya.

Shigar da launi ƙarƙashin layi yana da wani dalilin, na maɗaba'a. Faranti huɗu ba sa sauka wuri ɗaya cif; takarda tana ɗan motsi, tana ɗan miƙewa. In launi a bakin layi ya tsaya, gocewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta buɗe fari. Shi ya sa ake buga baƙi a kan launi, ba a huda masa gurbi. Manyan wuraren baƙi kuma akan shimfiɗa musu ɗan shuɗi da ja da rawaya a ƙasa don su yi duhu sosai, a ja shimfiɗar ciki kaɗan kada ta leƙo. Jimillar tawada huɗun tana da iyaka, wajen kashi 300 a takarda mai sheƙi, ƙasa da haka a takardar jarida, kuma wannan mai maɗaba'a ake tambaya tun kafin a fara.

In muka koma ga ɗaukar shafin, wanda ba shi da sikana yana iya yi da waya, in ya kiyaye. A kafa takarda a shimfiɗe, a cikin inuwa mai haske, ba a tsakar rana ba, ba kuma da fitilar waya ba. A ja baya kaɗan, wayar na kallon tsakiyar takarda sak, don kada gefuna su lanƙwashe. Babban abokin gaba shi ne hasken da bai daidaita ba: kusurwa ɗaya ta fi ɗaya duhu, lambar da ta tsabtace nan ta cinye can. In za a tura wa mai launi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto matse shi yake yi.

Abu uku ake adanawa dabam-dabam: ɗanyen sikanin da ba a taɓa ba, tsabtataccen layi, da shimfiɗa. Launi yakan tsufa ko a sake ra'ayi a kansa. Brian Bolland ya sake wa The Killing Joke launi da kansa a 2008, shekara 20 bayan fitowarsa da launin John Higgins. Labarin Tintin na farko, na ƙasar Sobiyet, wanda ya fara fita a 1929 da baƙi da fari, sai a 2017 ya sami launi. Inda layin ya ɓata kuwa, abin ya fi tsada. Tsofaffin kwamik na Amurka da dama babu asalin shafukansu, babu fim ɗinsu. Da aka zo sake buga su, wani mai zane, Greg Theakston, ya yi suna da wata dabara: a samo tsohon bugu, a jiƙa shafukansa da sinadarin da ke cinye launuka ya bar baƙin, a ɗauki hoton abin da ya rage, a gyara da hannu. Kowane littafin da aka ceto layinsa ta haka, sai da aka sadaukar da kwafi guda na ainihin bugun.